Babi na 6: Yaron Shago da Ribar Mai Shago

Darasi na 1: Ciniki daban, riba daban

Ɗauki littafinka da biro. Ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa, shafin ya zama gida uku. A gida na farko rubuta "Sari", na biyu "Ciniki", na uku "Riba".

A ce ka saro turmin atamfa a Kantin Kwari naira 10,000, yaronka ya sayar 12,000. Wannan 12,000 ciniki ne. Cire kuɗin sari, saura 2,000. Cire na mota da ɗan dako, a ce 500. Saura 1,500, ita ce riba.

Sake dubawa: 12,000 ciniki, 1,500 riba. In ka ruɗe ba komai, nan kowa yake tuntuɓe. Rufe littafin ka sake lissafin da kanka.

Darasi na 2: A kan me za a biya yaro?

In ka yanka masa naira 200 a kowane turmi, burinsa kaya su fita kawai. Zai sayar 10,500, ya karɓi 200 ɗinsa, kai ka tashi da asarar 200. Zai kuma ba da bashi ga wanda bai sani ba. In albashi ne zalla, mai saye na tsaye, yaron kuwa yana danna waya.

Abin da ya fi: ɗan albashi, sannan kashi ɗaya cikin biyar na riba. A kan 1,500 ya sami 300 ke nan. Bashi kuwa ba ya shiga lissafi sai an biya.

Riba aka ce, ba ciniki ba. Gida na uku za ka duba, ba na biyu ba. Har yanzu wasunku daga gida na biyu suke cirewa, sannan su zo suna kukan jari ya karye. Ku daina.

Darasi na 3: Abin da babu wanda ya hango

A ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, a watan Yuni kuma darajar naira ta faɗi. Wanda ya sayar a tsohon farashi ya kasa mayar da kayan da ya fitar. Irin wannan asarar ta mai uwar kuɗi ce, kada a ɗora wa yaro. Shi ya sa kason mai shago ya fi girma. Kafin ka sa farashi, tambayi yadda ake sari yau.

Darasi na 4: Ƙirgen kaya

Ku ƙirga kaya duk ranar Asabar, kai da yaron, ku sa hannu tare.