Kurakuran da aka fi yi a noman inabi ba tare da maganin kamfani ba

Masu lambu a Garwa, Marwa da Kuseri na arewacin Kamaru da suke ganin tsadar inabin da ake shigowa da shi daga waje sukan yi sha'awar dasa nasu, kuma da yawa suna son yin hakan da takin gargajiya kawai, ba tare da feshin maganin kamfani ba. Abin yana yiwuwa, domin inabi ba ya tsoron rana, amma yawancin kurangar da ake gani a gidaje da lambuna ganye ne kawai take tarawa, shekara ta zagayo ba a tsinki ko nonon inabi ɗaya ba.

Ɓarnar farko tana faruwa tun wajen zaɓen iri. Wasu sukan shuka ƙwallon inabin da suka ci, alhali abin da zai tsiro ba lalle ya ɗauko halin uwarsa ba. Hanyar da aka sani ita ce a yanki reshen da ya ƙosa daga kuranga mai haihuwa, ko a sayi dashe mai aure. Wasu kuma sunan iri ne yake ruɗarsu. Cabernet Sauvignon da Merlot sun yi suna ne saboda su ake haɗawa a yankin Bodo na Faransa a yi jar giyar da ake ajiyewa shekaru masu yawa, kuma abin da ya sa suka dace da wannan aiki shi ne ƙananan 'ya'ya, fata mai kauri, ƙwallaye da bauri. Mai saye a kasuwar Marwa manyan 'ya'ya masu zaƙi yake nema, don haka irin ci kamar Thompson Seedless ko Red Globe ne ya kamata a nema.

Kuskuren da ya fi kowanne girma, a ganina, shi ne bin kalandar Turai. A can sanyin hunturu ne yake kakkaɓe ganye ya sa kuranga ta huta, manomi ya datse ta, sannan ta farka da kanta idan ɗumi ya dawo. A nan hunturunmu bai kai ya sa ta barci ba, saboda haka idan aka ƙyale ta sai ta yi ta miƙa rassa ba tsayawa, ko kuma ta yi fure a tsakiyar damina, ruwan Agusta ya ruɓar da shi. Manomi ne zai tsara mata lokaci da almakashi da ban ruwa. Manoman Nashik a Indiya, waɗanda su ma damina ɗaya gare su sai dogon rani, sau biyu suke datsewa a shekara: a watan Afrilu su yanke rassa har kusa da gindinsu domin a samu sababbi, a watan Oktoba kuma su rage tsawon waɗannan sababbin domin su fitar da fure. Daga datsewa ta biyu zuwa nuna ana ɗaukar wata huɗu zuwa biyar. Wannan tsari ya dace da mu, sai dai a kula kada a yi jinkiri, domin wanda ya bari har ƙarshen Nuwamba zai tarar 'ya'yansa suna nuna cikin zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi yake haura digiri 40 a Garwa da Njamena, su ƙone ko su yanƙwane. Da zarar ruwa ya ɗauke, a rage ban ruwa na ɗan lokaci, a cire ganye da hannu, a datse a farkon Oktoba, sannan a zuba taki a shayar sosai. Manyan gonaki suna shafa wani sinadari mai suna Dormex domin idanun reshe su buɗe lokaci ɗaya, amma ba a yarda da shi a noman da ba na maganin kamfani ba, don haka cire ganyen da tsaida ruwan su ne makamin mai irin wannan lambu.

Wajen ƙasa, baƙar lakar da ake dasa masakwa, wato dawar rani, a cikinta tana riƙe ruwa ta shaƙe saiwa. Jigawa mai tsane ruwa ta fi, idan kuma babu sai a ɗaga kunya. Ɗanyen kashin shanu yana janyo gara, ita kuwa ba ta barin dashe ko turakun rumfa, don haka sai wanda ya ruɓe sarai.

Akwai masu ɗauka cewa barin maganin kamfani yana nufin barin feshi gaba ɗaya. A Faransa ma gonakin da aka ba wa shaidar wannan noma suna fesa farar wuta da kuma haɗin Bodo, wato shuɗin gishirin jan ƙarfe da ƙonanniyar farar ƙasa, wanda wani Bafaranshe masanin tsirrai mai suna Millardet ya bayyana amfaninsa a 1885 bayan funfunar ganye da ta fito daga Amurka ta addabi gonakinsu. Haɗin yana hana cuta kama ganye ne, ba ya warkar da wanda ya riga ya kamu, shi ya sa ake fesa shi tun farkon damina, a maimaita bayan ruwa mai ƙarfi. Yawansa kuma illa ne, domin jan ƙarfe yana taruwa a ƙasa, har Tarayyar Turai ta ƙayyade shi zuwa kilo 28 a kowace hekta cikin shekara 7. Farar wuta ita ce maganin farar funfunar da take kama 'ya'ya a lokacin rani, amma tana ƙona ganye idan zafi ya wuce digiri 32, kuma ba a haɗa ta da man dogon yaro ko a fesa su a jere sai an ba da tazarar mako biyu. Da yamma ake fesa ta.

Sauran ɓarnar a kan rumfa take. Barin kowane nono saboda kwaɗayin yawa yana sa duka su fito ƙanana masu tsami, rage su kuwa yana ƙara wa na sauran girma. Tsuntsaye da jemagu sukan riga mai gona sanin cewa inabi ya nuna, kuma tsohon gidan sauro ko jakar takarda ya isa ya kare shi. Inabi ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi kamar yadda mangwaro yake yi, don haka launi kaɗai bai isa shaida ba: a ɗanɗana 'ya'yan da ke ƙasan nonon, domin su ne sukan zo ƙarshe wajen nuna, sannan a yanke da sassafe a ajiye a inuwa ba tare da an wanke ba.