Kurakuran da aka fi yi wajen ɗaukar hoton tsohon coci

In ka je Wusasa a Zariya ka tsaya gaban cocin St. Bartholomew, ginin lakar nan na 'yan mishan ɗin CMS (ƙungiyar mishan ta cocin Anglican) tun 1929, abin da hannunka zai fara yi shi ne ɗaga waya sama don komai ya shiga, to daga nan hoton ya lalace. Da ka karkata kyamara sama sai bangon dama da na hagu su riƙa matsowa juna ta can sama, ginin ya fito kamar zai kife ta baya, alhali magina sun tsayar da abinsu daram. Gaskiya abin na min ciwo, aikin mutane ne fa na kusan shekara ɗari.

Ja da baya kawai. Kunna grid, wato layukan da ke raba sikirin ɗin kyamara gida-gida, ka daidaita gefen bango da layi ɗaya, wayar ta tsaya cak daidai ƙirjinka, ko fili ya cika rabin hoton ba komai ka yanke daga baya. Dan Allah a bar 0.5x ɗin nan na kyamarar waya mai ɗauko fili da faɗi, jan gefuna yake yi su karkace, gara ka yi nisa ka sa 2x mai jawo abu kusa. Masu hali suna sayen lens ɗin tilt-shift, mai ɗauko saman gini ba tare da an karkata kyamara ba, irin Canon TS-E 24mm, sauranmu kuma Perspective na Snapseed ko Geometry na Lightroom, manhajojin gyaran hoto, ya wadatar wajen miƙar da bangon, amma ka bar sarari a gefe tun wurin ɗauka don gyaran yana cin gefen hoto, kuma kar ka ja shi har ginin ya koma siriri.

Sai haske, nan ne aikin yake. Cikin tsohon gini duhu ne, taga kuma rana tsantsa, waya sai ta bi duhun ta mai da tagar fari fat babu komai a ciki. Taɓa tagar a sikirin ka ja hasken ƙasa, duhu ana iya ɗago shi wajen editin amma farin da ya ƙone ya tafi kenan. Mai kyamara ya kafa ta kan tirayfod, wato sanda mai ƙafa uku, ya sa ISO (ƙarfin jin haske) a 100, buɗewar lens a f/8, taima ta sakan 2 saboda girgizar hannu, ya ɗauki uku, mai duhu da matsakaici da mai haske, ya haɗa su hoto ɗaya wajen editin. Filasha kuwa a kashe ta, kujerun gaba kawai take haskawa ta shafe inuwar da ke nuna shafen hannun magini a jikin bango. In ƙwan lantarki na kunne ga kuma hasken taga, launi biyu za ka samu, rawaya da shuɗi, ka roƙi mai kula da wurin ya kashe maka na ɗan lokaci.

Hoton waje da hantsi ko bayan la'asar, lokacin jan ƙasar ke fitowa sosai. Ka nemi izinin limamin cocin tukuna, kuma banda lokacin sujada.