Mai juna biyu, kada ki jira sai zazzaɓi ya kwantar da ke

'Yan'uwa mata, don Allah mu kula da wannan, musamman da damina. Bincike ya nuna ƙwayar zazzaɓin cizon sauro kan laɓe a mabiyiya. Uwa tana harkokinta kamar lafiya lau, alhali jininta na raguwa, jariri ya zo ɗan ƙarami ko bakwaini. Masu cikin fari na fi tausayawa, don su abin ya fi kamawa.

Daga mako na 13 ki nemi maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai suna SP, wato Fansidar, a wajen awo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sha aƙalla sau 3, da tazarar wata guda. Kafin mako na 13 ba a sha, kuma mai shan Septrin kada ta haɗa su. Gidan sauro mai magani kuwa kullum, ko ana zafi.