Yadda na gyara tuwon Barbados da ke yi mini gudaji

Sau biyu ina gwada cou-cou, tuwon mutanen Barbados (wani tsibiri a yankin Karibiyan), yana fitowa da gudaji. Garin masara ne da kuɓewa a tukunya ɗaya, girkin da ya tsallaka teku tare da bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma, shi ya sa na damu in iya shi sosai.

Ashe laifin zuba busasshen gari ne cikin tafasasshen ruwan kuɓewa. Yauƙin sai ya naɗe garin ya dunƙule, cikinsa ɗanye.

Talgen tuwonmu na tuna. Na jiƙa gari kofi 1 a ruwan sanyi minti 10. Na dafa yankakkiyar kuɓewa guda 8 da gishiri, na tace, na ajiye ruwan gefe. Na rage wuta, na zuba jiƙaƙƙen garin, ina ƙara ruwan kuɓewar kaɗan-kaɗan ina tuƙawa da muciya (su ma suna da tasu, ta katako mai faɗi). Da ya fara sakin tukunya na mayar da kuɓewar, na sa man shanu. Ya fito sumul.

Can da wani kifin teku mai tashi sama da ruwa ake ci, ni da miyar tarwaɗa na ci.