Yadda ake auna ɗan wasan besbol da ma'aunin zamaninsa

In wani ya ce maka ɗan wasa kaza ya buga .301, kada ka yi saurin jinjina masa. Tambaye shi tukuna: a wace shekara, a wace gasa? Ni da wannan tambaya nake fara kowane lissafi, kuma Carl Yastrzemski na Boston Red Sox, wanda magoya baya ke kira Yaz, shi ne misalin da na fi so in koyar da shi.

Fara da lambar kanta. Ana raba yawan bugun da ya kai ɗan wasa tasha lafiya da yawan tsayuwarsa gaban mai jifa. A 1968 Yaz ya ci bugu 162 cikin tsayuwa 539, ka raba, ka samu .301. Lura, in mai jifa ya kauce sau huɗu aka ba shi tasha kyauta, wannan ba ya shiga lissafin. A shekarar an ba shi kyauta sau 119, duk ba a ƙirga ba.

Sai ka nemo matsakaicin gasar a wannan shekarar, a shafin Baseball-Reference yana nan. Na American League, gasar da Red Sox ke ciki, a 1968 .230 ne. Raba .301 da .230, ka ninka da 100, ka samu kusan 131. Wato ya fi ɗan wasa na tsaka-tsaki da kashi 31 cikin ɗari. Da wannan .301 ɗin ya lashe kambun bugu, kuma shi kaɗai ne ya kai .300 a gasar. Shekarar masu jifa ce, har sai da aka rage tsayin tudun jifa daga inci 15 zuwa 10 a 1969 don masu bugu su samu sa'ida.

Yanzu ɗauki .301 ɗin nan ka kai shi ɗaya babbar gasar, National League, ta 1930, inda matsakaicin kowa da kowa ya kai .303. Lissafi zai ba ka 99. Lamba ɗaya ce, amma can ko tsaka-tsaki bai kai ba. Kamar kuɗin kwanon masara ne, in ba ka faɗi shekara ba, ba ka faɗi komai ba.

Wajen haɗa rayuwar wasansa gaba ɗaya ne mutane suka fi yin ganganci. Yaz ya yi kaka 23, daga 1961 zuwa 1983, ya tara bugu 3,419 cikin tsayuwa 11,988, wato .285. Kada ka tara matsakaitan gasa na shekara 23 ka raba da 23. Kakar da ya yi jinya ba ta kai nauyin kakar da ya buga cikakkiya ba. Yi haka: kowace shekara ka ninka matsakaicin gasa da yawan tsayuwarsa na shekarar, ka tara duka. Abin da ya fito shi ne bugun da ɗan tsaka-tsaki zai ci da an ba shi irin damarsa. Da shi za ka raba 3,419, ka ninka da 100. Layi 23 ne a Excel, ba wani aiki ba.

A ganina wannan ma'auni shi kaɗai rowa yake yi wa mutum irin Yaz, tunda ya manta da tashar kyauta, kuma ya daidaita ƙaramin bugu da wanda ya tsallake katanga, alhali Yaz ya yi irin wannan babban bugun sau 452. Shi ya sa nake rufewa da duba OPS+, wanda ke haɗa yawan isa tasha da ƙarfin bugu, ya kuma cire tasirin fili, domin Fenway Park, filin gidan Red Sox, da doguwar katangarsa ta hagu ba kamar sauran filaye ba ne. A nan ma 100 ne tsaka-tsaki. Na Yaz a duk rayuwar wasansa 130 ne.