Kurakuran da ake yi wajen auna zaɓen sababbin 'yan wasan besbol, da yadda za a gyara

Kowace shekara a watan Yuli, ƙungiyoyi 30 na babbar gasar besbol ta Amurka, wato MLB, suna zama su zaɓi matasan da suka gama sakandare da 'yan jami'a daga Amurka da Kanada da Puerto Rico. Tun 1965 ake wannan zaɓe, kuma daga 2021 ne aka mayar da shi Yuli daga Yuni, ana yin zagaye 20. Da gari ya waye sai ka ga an fara raba maki: wannan ƙungiya ta ci riba, waccan ta yi asara. Yawancin hukuncin nan ba ya tsayawa, kuma dalilan faɗuwarsa kusan iri ɗaya ne kullum. Abin da Houston Astros ta yi daga 2012 zuwa 2015 ya isa misali, domin sau uku a jere ita ce ta fara zaɓe, kuma kusan kowane kuskure ya bayyana a cikin yadda aka yi mata hukunci.

Babban kuskure shi ne gaggawa. Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa ya san idan an sayi ɗan wasa yau, ranar Asabar zai iya shiga fili. A besbol wanda aka zaɓa yakan fara ne daga ƙananan rukunoni, ya hau mataki-mataki daga Single-A zuwa High-A, sai Double-A, sai Triple-A, kafin ya taka babban fili. Carlos Correa, wanda Astros ta ɗauka na farko a 2012 yana ɗan shekara 17, bai buga wasan MLB ba sai Yunin 2015, kuma shi ana lissafa shi cikin masu sauri. Irin su Paul Skenes, da Pittsburgh Pirates ta zaɓa a 2023 ya kuma iso a Mayun 2024, ba su da yawa. Gyaran shi ne ka raba hukuncinka biyu. A ranar zaɓe, auna dalilin da ya sa aka ɗauki yaron. Sakamakon kuwa ka bar shi sai bayan shekara biyar ko shida, don ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Sai kuma kallon suna ɗaya a manta da kuɗi, kuma nan ne masu sharhi suka fi zamewa. Tun 2012 kowace ƙungiya tana da iyakar kuɗin da za ta kashe wajen sa hannun waɗanda ta zaɓa a zagaye goma na farko. Kowane gurbi yana da farashin da aka yanka masa, a tara su wuri ɗaya, kuma ƙungiyar da ta haura jimillar da fiye da kashi 5 cikin 100 za a ƙwace mata zaɓen zagayen farko na gaba. Amma tana da 'yancin ta rage wa wani ta ƙara wa wani. A 2012 farashin gurbin farko dala miliyan 7.2 ne, Correa ya sa hannu a kan miliyan 4.8. Da rarar Astros ta ba Lance McCullers Jr., wanda ta ɗauka na 41, dala miliyan 2.5 don ya fasa tafiya jami'ar Florida. Duk wanda ya tsaya yana gardamar ko Correa ya fi Byron Buxton, wanda Minnesota Twins ta ɗauka na biyu, ya tsallake rabin lissafin. Tambayar ita ce Correa haɗe da McCullers, me za ka sa a ɗaya gefen sikelin? Haka nan idan ka ga an ɗauki ɗan ajin ƙarshe na jami'a da ba kowa ya san shi ba a zagaye na takwas ko na tara, kada ka yi saurin cewa sun ruɗe. Sau da yawa an ɗauke shi ne don zai karɓi kuɗi kaɗan, a tura sauran ga yaron sakandaren da ke neman da yawa.

Lissafin nan yana iya juyawa ya ci mai shi. A 2014 Astros ta ɗauki Brady Aiken, mai jifa (wato mai jefa wa mai bugu ƙwallo) da hannun hagu daga sakandare, aka daidaita a kan dala miliyan 6.5. Gwajin likita ya nuna abin damuwa a jijiyar gwiwar hannunsa, ƙungiyar ta rage tayi, wa'adi ya cika ba a sa hannu ba. Kuɗin gurbinsa suka fita daga asusun, yarjejeniyar Jacob Nix na zagaye na biyar ita ma ta rushe, alhali shi ba abin da ya yi. A ganina Nix an cuce shi, kuma sukar da aka yi wa Astros a kansa tana da tushe. Amma a kan Aiken kansa, a Maris na 2015 aka yi masa tiyatar gwiwar hannu, bai kuma taɓa isa MLB ba. Astros kuwa ta samu diyyar zaɓe na biyu a 2015, ta ɗauki Alex Bregman, ta ƙara da Kyle Tucker a na biyar, duka biyun kuma suka zama taurarinta. Wanda ya rufe littafin 2014 a ranar da wa'adi ya cika bai ga wannan shafin ba.

Akwai kuma yarda da alƙaluma ba tare da tambayar inda aka samo su ba. 'Yan jami'a da sandar ƙarfe suke bugu, ƙwararru da ta katako, shi ya sa masu leƙen 'yan wasa suke cika gasar bazara ta Cape Cod, inda katako ake riƙewa. Fili ma yana da nasa tasiri. A 2014 Mark Appel, matashin mai jifa na Astros, ya yi jifa a ƙaramin rukuni a Lancaster da ke Kalifoniya, filin da iska ke ɗaukar ƙwallo ta kai shi bayan shinge, matsakaicin makin da ake ci a hannunsa ya haura 9 a wasa. Ba duka laifin fili ba ne, amma lambar ita kaɗai ba ta gaya maka kason kowa. Ka duba shekarun yaro idan aka kwatanta da abokan karawarsa, ka duba sau nawa yake kuskuren bugu har a fitar da shi da sau nawa yake haƙuri a ba shi tafiya kyauta zuwa gidan farko saboda mai jifa ya yi ta kauce hanya, sannan ka karanta makin masu leƙe. Ma'auninsu daga 20 zuwa 80 ne, 50 shi ne matsakaicin ɗan wasan MLB. Mai 50 ba rago ba ne, ƙungiyoyi da yawa za su yi murna da shi.

Appel ɗin nan shi ne ya kawo mu kuskuren da na fi jin zafinsa, wato hukunci da ilimin da ba a da shi a lokacin. Astros ta ɗauke shi na farko a 2013 daga jami'ar Stanford, Chicago Cubs ta ɗauki Kris Bryant na biyu. Bryant ya zama gwarzon rukuninsa a 2016, shekarar da Cubs ta ci kofi. Appel ya sha fama da rauni, ya bar wasa a 2018, ya dawo, sai 2022 ya fara jifa a MLB da Philadelphia Phillies yana ɗan shekara 30. Yau kowa gwani ne a kan wannan zaɓe. A Yunin 2013 kuwa Appel yana sahun gaba a jerin kusan duk masu sharhi. Suka mai ma'ana ita ce wadda za a iya yi tun ranar: hannun mai jifa ya fi saurin lalacewa, ga kuma Bryant, mai bugu da ya fitar da ƙwallo bayan shinge sau 31 a kakar jami'a yana zaune yana jira. Wannan hujja ce, kuma ina tare da ita. Cewa kawai "ai ga yadda ta ƙare" ba ta koya wa kowa yadda zai zaɓa baɗi. Haka batun Mike Trout, da Los Angeles Angels ta samu a na 25 a 2009, ya kuma zama babban tauraro. Abin tambaya shi ne me ya sa aka wuce shi, kuma amsar da aka fi bayarwa ita ce ɗan New Jersey ne, inda sanyi ke gajarta kaka, masu leƙe ba su gan shi sosai ba.

Kuskuren zaɓe don cike gurbin da babu kowa a yau ba ya buƙatar dogon bayani. Astros ta ɗauki Bregman yana tsaron wuri ɗaya da Correa, daga baya ta mayar da shi wani wurin tsaron, wato gida na uku, su biyun suka yi shekaru suna wasa kafaɗa da kafaɗa.

A ƙananan zagaye kuma kada labarin taurari irin su Albert Pujols, na 402 a 1999, ko Mike Piazza, zagaye na 62 a 1988, ya sa ka ɗora wa ƙungiya laifin rashin tsintar irinsu. Mafi yawan waɗanda ake zaɓa ba sa taka filin MLB ko sau ɗaya. Idan zaɓen shekara guda ya ba ƙungiya ɗan wasa ɗaya da ke fita kullum, da mai jifa ɗaya mai amfani, da wasu biyu da aka yi musayarsu aka samo wanda ake buƙata, wannan shekara ta biya kuɗinta. Waɗanda aka yi musayar tasu ka sa su a lissafi: Appel kansa yana cikin waɗanda Astros ta miƙa wa Phillies a Disambar 2015 ta karɓo mai jifa Ken Giles, wanda ya riƙa shiga ƙarshe yana rufe mata wasanni a kakar 2017.