Yadda Za Ka Kare Kwamfutar Gida Daga Bairos Da Saƙonnin Damfara

Daga Samaru har Tudun Wada, tambayar da ake ta yi mini ke nan. Ga matakan:

1. Kunna Windows Security, wato manhajar kariya daga bairos. Yana cikin Windows 10 da 11, ba sai ka saya ba.

2. Sabunta Windows ɗinka. Na san data na tsada, amma gyaran na'ura ya fi tsada.

3. In imel ya shigo, duba adireshin mai aikowa tukuna.

4. Baƙo ne? Kada ka buɗe abin da ya maƙala.

Hattara: a nan ake faɗawa. Saƙo zai ce an rufe asusunka, ka turo BVN da lambar sirri yanzu-yanzu. Banki ba ya tambayar lambar sirri ta imel. Gaggawar nan ita ce tarkon.

5. Tura irin wannan saƙon cikin akwatin spam, wato inda ake zuba saƙonnin banza.

6. Filashin da ya je shagon buga takardu, sa Windows Security ya bincike shi kafin ka buɗe. Na ga ɗalibar da aikinta na kammala karatu ya salwanta ta nan, abin ya taɓa ni.

7. Kwafe muhimman takardunka a Google Drive, ma'ajiyar Google ta intanet, duk Juma'a.